Ɗakin Sanyi Mai Aiki da Rana a 'Yan Kaba

Duk wanda ya shiga kasuwar kayan gwari ta 'Yan Kaba a Kano da la'asar a watan Afrilu ya san warin da nake nufi. Tumatirin da aka sauke da asuba daga Kadawa ko Kura, jajir da shi, kafin magariba na ƙasan kwando ya fara tsiyaya. Mai kaya ya karya farashi yana ji yana gani, ragowar a zuba bayan rumfa. Wannan warin ne ya raba ni da gyaran firji, na koma haɗa ɗakin sanyi mai aiki da sola.

A hannun kawuna na koyi aiki, a wani ɗan shago a Sabon Gari. Shekara biyu ban taɓa kwamfiresa ba, wato injin da ke sa firji sanyi, sai share shago da miƙa sifana. Yakan kama hannuna ya ɗora a kan bututu, ya ce, "To ɗana, gas ya isa ko da saura?" In na kuskure, ba zagi ba duka, sai ya ce in sake taɓawa. Har yau ko ma'auni na hannuna sai na taɓa bututun nan. Allah Ya jiƙansa.

Mutane na ɗauka sanyi duk ɗaya ne. Ina! Tumatir ba kifi ba ne. Maki 10 zuwa 12 a ma'aunin Salsiyas yake so, in ka sauko da shi ƙasa sosai sai ya yi lami, ya ƙi nuna yadda ya kamata. Ayaba kuwa, kamar wadda ake saukewa a 'Yan Lemo, da ta yi ƙasa da maki 13 sai bawonta ya yi baƙi. Albasa ita iska take so da wuri busasshe, ba na yarda a cusa ta ɗaki ɗaya da tumatir. Shi ya sa kafin in auna fili nake zama a rumfar mutum in ga me yake saukewa, ƙarfe nawa mota ke zuwa, sau nawa yaransa za su buɗe ƙofa a wuni.

Faifan sola kudu nake fuskantar da shi, da ɗan karkata kamar digiri 12, daidai da inda Kano take a taswirar duniya. Ba na kwantar da shi a jikin kwano, domin zafi na rage masa ƙarfi, dole iska ta ratsa ta ƙarƙashi. Da tsakar rana nake sa inji ya tara sanyi sosai, don batir ya samu sauƙi da dare. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai an goge faifan da sassafe kafin ya ɗau zafi.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, janareta ya gagari 'yan kasuwa da yawa, aiki ya buɗe mana har Dawanau, wajen masu injin tace riɗi. Amma tare da aikin sai ga 'yan ci da gumin wani sun cika gari. Tsohon batir a wanke a sake masa fenti, wayar alminiyam a rufe ta da ruwan tagulla, faifai a manna masa lambar ƙarfin da ba ya bayarwa. Wannan abu yana ci min rai, domin in nasu ya mutu, sola gaba ɗaya ake zagi.

Akwai wani dattijo mai attaruhu da na yi wa lissafi, ya ce, "Injiniya, wani ya ce zai yi min a rabin wannan." Na ce, "Alhaji, araha ba ta ado, amma dukiyarka ce." Bayan wata huɗu ya aiko a kira ni. Na tarar da wayar ta narke a bakin inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, bangon ɗakin kuwa kumfar riƙe sanyi da aka sa masa ba ta kai kaurin yatsa biyu ba. Kaya sun yi gumi sun ruɓe a ciki. Ban ce masa komai ba, kunyarsa ma ta ishe shi. Kwana tara muka yi muna warwarewa muna sake ɗaurawa, na kuma roƙe shi ya bar kwando ya koma kiret ɗin roba, don na sama ya daina danne na ƙasa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na leƙa shi bayan masallaci. Ya buɗe ƙofa, sanyi ya bugi fuskata, ya ɗauko attaruhun da aka sauke tun Litinin ya karya a gabana, ya ce ƙas.