Turmin da na ɗauka na nono ne

Wata huɗu autana yana naushin kumatunsa, yana cizon filo, ya ƙi tuwo sai koko. Shekararsa 7, yana da galahanga da farfaɗiya, kuma ba ya magana. Surukata ta ce iska ce. Muka yi ruƙiyya, muka yi hayaƙi, muka ba shi rubutu. Ba wanda ya ce a duba bakinsa.

Abin da har yau yake ci min rai shi ne na ga baƙin. Wata rana yana kuka na hango ɗigo a haƙorinsa na can ƙurya, na ce ai na nono ne, famfara za ta tafi da shi. Ashe turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara 6, a bayan na nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ya ba shi wuri ba. Shi ya sa ya shige min. Haihuwa biyar, ban taɓa jin wannan ba.

Sai da kuncin ya kumbura muka je asibitin haƙori. Ya ƙi ko zama a kujerar, dole aka sa mana ranar tiyata, aka yi masa allurar barci, aka cire turmin da na nono biyu. Ɗan kunnena na gwal ne ya biya.

Likitar ta tambaye ni, "Maman yaro, yaushe yake shan maganin farfaɗiyar?" Na ce in zai kwanta, bayan na goge masa baki. Ta yi shiru. Maganin ruwa ne mai zaƙi, kuma miyau yana raguwa in ana barci, sai sukarin ya kwana a kan haƙori. Shekara uku ina ɗura masa da hannuna, ina jin ni uwa ce mai kula.

Yanzu magani ne farko, burushi daga baya. Ina zama a tabarma in miƙe ƙafa, ya ɗora kansa a cinyata, ta haka nake ganin ƙuryar. Makilin mai fuloraid kamar ƙwayar wake, ba na sa shi kurkura, in goge kumfar da tsumma. Mai yajin na'ana'a tofar da shi yake, sai da na canza kala huɗu. In ya datse baki ba na kokawa da shi, ina ƙirga masa ɗaya zuwa goma da waƙa, ko gefe ɗaya na samu na karɓa.

Ke uwa mai yaro irin nawa, kada ki jira ciwo kafin ki kai shi asibitin haƙori. Ki kai shi lafiyarsa ƙalau ya ga kujerar, ya taɓa fitilar, ku dawo gida. Da na yi haka, ƙila da cikewa kawai aka yi.

Dukan kumatun ya tsaya kwana uku bayan aikin. Surukata ta ce rubutun ne ya kama shi. Ban tanka ba. Duk dare in na kai burushi bayan nan, sai na ga gurbin.