Kwana biyu a kan babur ɗin ƙanƙara a bakin dajin Yellowstone

Tun da asuba muka bar Bozeman, ni da wani ɗan'uwa ɗan Maraɗi da muke karatu tare, a tsakiyar watan Fabrairun 2025. Hanyar ta bi gefen kogin Gallatin tana lanƙwasa tsakanin duwatsu, kusan mil 90 kafin a kai West Yellowstone, ɗan ƙaramin gari a jihar Montana da ke manne da ƙofar yamma ta gandun dajin Yellowstone. Muna shiga garin na ga titunan fari fat, ƙanƙara ce a daddaɓe, baburan suna ta wucewa ta gaban shaguna da masaukai, kowa da hular kwano.

Babur ne amma ba shi da taya. Ƙafafu biyu ne a gaba, dogaye masu sulɓi, a baya kuma bel na roba mai haƙora irin na katafila. Totur yana ƙarƙashin babban yatsan dama, birki a hagu, mariƙin kuma yana da ɗumi don kada yatsu su sandare. Mutumin da ya fi kowa suna wajen ƙera shi, Joseph-Armand Bombardier, ɗan garin Valcourt ne a lardin Kebek na Kanada. A 1934 ɗansa ƙarami ya rasu saboda ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti, abin ya tsaya masa a rai, ya duƙufa kan abin hawan da ƙanƙara ba za ta tare shi ba. A 1959 ya fito da babur ɗin ƙanƙara mai suna Ski-Doo. Wannan labarin ya yi ta dawo mini a kwana biyun nan, don neman ceton rai ne ya ƙara zaburar da mutumin.

Jagoranmu dattijo ne mai farin gemu, ya tara mu bakwai a bakin ƙofa ya karanta mana dokoki ba wasa a fuskarsa. Ba a wuce gudun mil 35 a awa. Ba a sauka daga kan hanyar da aka daddaɓe. Ba a matsar ɓauna ƙasa da yadi 25, kyarkeci kuwa yadi 100. In dabba ta hau hanya, ita ke da hanya. Ɗan'uwana ya raɗa mini, "Yaya, wannan ai sai ka ce jarrabawar lasisi." Dattijon ya ga alamar ƙorafi, ya nuna mana rumfar masu gadin ƙofar ya ce a nan aka taɓa raba wa ma'aikata takunkumin numfashi.

Gaskiya ya faɗa. A shekarun 1990 babura kan yi dafifi a wannan ƙofa da injinan da ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai, hayaƙi ya kwanta a cikin sanyin safiya, masu karɓar tikiti suna fama da ciwon kai da jiri. Wasu mahayan kuma sukan kutsa cikin garken ɓauna su tarwatsa shi. A shekarar 2000 hukumar gandun daji ta yanke shawarar daina barin baburan shiga gaba ɗaya. Gwamnatin Bush ta zo ta juya shawarar, aka shiga kotu aka fita shekara da shekaru, sai a 2013 aka tsayar da tsarin da ake bi yanzu: ƙayyadadden adadin ayari a kowace rana, babu ayarin da zai wuce babur 10, sai injin mai ƙarancin hayaƙi da ƙara, sai kuma da jagora. Mutanen wannan gari da ƙanƙara suke ci, kuma sun kusa rasa abincinsu saboda halin wasu.

Mil 14 ne daga ƙofa zuwa mahaɗar Madison, kuma tun kafin mu kai muka ci karo da su. Ɓauna tara ko goma, suna tafe a jere a tsakiyar hanya. Dattijo ya ɗaga hannu, muka raɓe gefe, muka kashe injin. Shiru ya sauko, har ina jin ƙarar kofatonsu a kan ƙanƙara. Wani babban bijimi ya wuce ta gabana, fuskarsa duk farin raɓa ya daskare a kan gashi, ƙanƙara na reto a gemunsa kamar tsakiya, numfashinsa na fita kamar tururin tukunya. Bai ko kalle ni ba. Na lura da ƙugunsa ya faɗa, ƙasusuwan baya sun fito. A hankali yake ɗaga ƙafa, kamar mai lissafin kowane taku.

Lissafin kuwa yake yi. Da damina ta wuce, dabbar nan kitsen jikinta ne jarinta. Sai ta share ƙanƙara da kanta, hagu da dama, kafin ta kai ga busasshiyar ciyawar da ba ta da wani amfanin kirki. Duk gudun da aka sa ta yi a banza, daga cikin wannan jarin ake cira, kuma babu inda za ta mayar kafin watan Afrilu. Wanda ya kore ta da babur ya yi dariya ya wuce ba zai ga gawarta ba, don sai bayan makonni za ta kwanta a gindin wata bishiya ta kasa tashi.

Mun isa Old Faithful da azahar, maɓuɓɓugar nan da ke feso tafasasshen ruwa sama kusan duk bayan minti 90. Mun gani, ya ƙayatar, mun yi sallah a wani lungu mai ɗumi, mun juyo.

A wurin cin abinci ne maganar kyarkecin ta taso. Wata mata a ayarinmu ta tambayi dattijon ko da irin wannan babur aka yi abin nan na Wayomin. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce da irinsa ne, kuma tun daga lokacin da wuya mako ya wuce ba a yi masa wannan tambayar ba.

Ranar 29 ga Fabrairun 2024, a kusa da Daniel, wani ƙauye a gundumar Sublette ta jihar Wayomin da mutanensa ba su kai ɗari biyu ba, wani mutum ya bi matashin kyarkeci da babur ya banke shi. Bai ƙarasa shi ba. Ya naɗe masa baki da salatif, ya kai shi mashaya aka yi ta ɗaukar hoto da shi yana kwance a ƙasa a jigace, daga baya ya fitar da shi ya kashe. Tarar da aka ci shi a lokacin dala 250 ce, ita ma don ya riƙe dabbar daji da rai ne, domin bankewar ba laifi ba ce a dokar jihar. A kusan kashi 85 cikin ɗari na ƙasar Wayomin, kyarkeci mai ɓarna ne a idon doka, ana iya kashe shi kowane lokaci ba tare da lasisi ba. Da hotunan suka bazu a Facebook, duniya ta ɗauka. Aka yi ta kiran a ƙaurace wa yawon buɗe ido a jihar, mutanen yankin da ba su ji ba su gani ba aka riƙa kiran wayarsu ana yi musu barazana. Daga baya, a watan Agustan 2025, aka tuhumi mutumin da babban laifin azabtar da dabba.

Ni jikan makiyaya ne ta wajen uwa, na san zafin a wayi gari a tarar an farke cikin ɗan maraƙi. Tun da aka dawo da kyarketai Yellowstone daga Kanada a 1995 masu kiwon shanu a yankin suke kuka, kuma kukansu yana da tushe. Amma kare garke daban, wasa da ran dabba daban. Mu da aka rene mu da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Abin da ya fi damuna shi ne majalisar Wayomin ta zauna a 2025 ta tsaurara hukunci kan azabtarwa, amma ta bar bin dabba da babur a taka ta a matsayin halas. Ina ganin masu hawa ne ya kamata su fi kowa ɗaga murya a hana wannan, don sunansu ne ke zubewa. Na ga yadda aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero a kan babura. Dubban masu neman halas suka wayi gari ba sana'a. Wake ɗaya ne ya ɓata gari, amma duk gidan aka kwana da yunwa.

Washegari muka ɗauki hayar babur biyu muka nufi tsaunin Two Top, a wajen gandun, inda ba a buƙatar jagora. An ba mu labarin bishiyoyin da ke can ƙoli, waɗanda iska ke lulluɓe su da ƙanƙara har su koma kamar mutane cikin farin mayafi, mun ƙwallafa rai sai mun gani. Sanyin ya fi na jiya, gashin hancina har daskarewa yake.

Mun yi nisa cikin itatuwa sai muka hango wata dabba a kan hanya, wadda suke kira mus, mai dogayen ƙafafu da doron wuya kamar na raƙumi, tare da ɗanta. Muka tsaya nesa muka kashe injin kamar yadda aka koya mana. Ba mu yi minti biyu ba sai ga ƙara daga bayanmu. Samari uku ne, a tsaye a kan baburansu, suka wuce mu fuu, ƙanƙara ta watso mana a fuska. Ba su rage gudu ba. Uwar ta juya da gudu, ɗan na biye, samarin na bayansu suna murza totur, ɗaya ya ɗaga waya da hannu guda yana ɗauka. Da ta ga ba mafita sai ta yi tsalle ta bar hanya ta faɗa cikin ƙanƙara mai zurfi, ta nutse har ƙirji. Ɗan ya faɗa bayanta, kansa kawai ake gani. Samarin suka yi ihu suka ɓace a kwana.

Ɗan'uwana ya cire hular kwano, idonsa ya kaɗa, ya ce, "Yaya, wallahi wannan zalunci ne." Na kasa ba shi amsa. Daga inda muke ina ganin haƙarƙarin uwar na hawa da sauka, kunnuwanta a kwance, gashin wuyanta a miƙe, tana kallonmu. A wurinta mu da su duk ɗaya ne, ƙara ɗaya, wari ɗaya.

Hanyar ƙoli ta gefenta ta bi, in za mu wuce sai mun sake tayar mata da hankali. Muka zauna shiru kusan minti ashirin, sanyi na shiga ta tafin ƙafa, har ta samu ta yunƙura ta buɗa wa ɗan nata hanya da ƙirji zuwa cikin itatuwa. Ba ta yi nisa ba ta sake tsayawa tana haki. Muka kama ƙafafun baburan da hannu muka juya su ɗaya bayan ɗaya, muka tayar, muka gangaro gari a hankali. Da muka mayar da makullai na kwatanta wa mai shagon wurin da launin baburan samarin. Ya rubuta a takarda, ya ɗauki waya ya kira jami'in daji tun muna tsaye.