Godiya Bayan Kammala Aikin Ɗinya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ranar Alhamis da ta wuce na tsaya gaban malamai na kare binciken digirina na biyu, aka kuma amince da shi, sai 'yan gyare-gyaren da ba a rasa ba. Tun ranar wayata ba ta huta ba. Bin ku ɗaya bayan ɗaya ya fi ƙarfina, shi ya sa na rubuto nan. Wanda ya gani ya isar wa wanda bai gani ba.

Yawancinku "aikin ɗinya" kawai kuka sani, to bari in faɗi mafarinsa, don godiyar ta zauna inda ya dace. Ranar da na fara zuwa wurin Farfesa, takardu ya miƙo min kan wani ɗan itace da ban taɓa gani ba, kiranberi. Ja ne mai tsami, girmansa kamar magarya, yana fitowa a fadamu masu sanyi na Amurka da Kanada. Wajen 1816 aka fara noma shi a jihar Masacusets, yau kuma jihar Wiskonsin ke samar da fiye da rabin abin da Amurka ke girbewa. Tsofaffin irinsa na gona, kamar Early Black da Howes, daga jeji aka tsinto su. Shi ya sa har yanzu masana ke komawa wurin na jejin, suna neman abin da na gona ya rasa, musamman juriyar cutar ruɓewar 'ya'ya.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda kiranberi ke yaɗo. Reshe na jan ciki a ƙasa, ya kafa saiwa, ya ci gaba. Sai ka ga fili ya rufe ka ɗauka tsirrai ɗari ne, alhali mai yiwuwa uwa ɗaya ce ta shimfiɗe. Ido ba ya raba wannan gardama, sai an duba DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon kowane abu mai rai. A binciken farko-farko da aka yi, sai aka tarar bambancin gado da ke tsakanin na jejin bai taka kara ya karya ba. Masana na danganta haka da zamanin da ƙanƙara ta rufe arewacin Amurka ta rage tsiron, da kuma yadda furensa ke iya barbarar kansa.

Da na mayar da takardun, Farfesa ya ce, "To, ɗinyarmu fa? Ita ma ai tana tohowa daga saiwa." Wannan tambaya ce ta ci min shekara biyu da 'yan watanni. Farfesa, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ba ka taɓa sa ni na ji tambayata ta yi ƙanƙanta ba.

Zagayen farko mun tsinko ganye a yankin Kachia, da Lere, da Giwa, muka zuba a firiza. Ana cikin hutu taransifomar unguwar ta ƙone. Ranar da na dawo na buɗe murfin, wari ne ya fara tarbata. Ganyen ya narke, ya yi baƙi, ya manne a leda, har lambobin da na rubuta sun jiƙe sun goge. Zama na yi a ƙasa na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Malam mai kula da ɗakin gwaji ne ya ɗaga ni. Cewa ya yi, "Ƙanwata, tashi. Wannan karon ba za mu jingina da wuta ba." Ya ɗauko gwangwanin silika, waɗannan ƙwayoyi shuɗɗa masu tsotse danshi, ya nuna min yadda ake binne ɗanyen ganye a ciki tun a gindin bishiya, da yadda launinsu ke komawa ruwan hoda idan sun ƙoshi, sai a gasa su a sake amfani da su. Shi ne kuma ya zauna da ni lokacin da DNA ɗin ke fitowa da launin ƙasa-ƙasa saboda sinadaran da ke cikin ganyen. Muka bi hanyar ciro DNA daga ganye da ake kira CTAB, wadda Doyle da Doyle suka wallafa a 1987, muna dafawa a zafin digiri 65, muka ƙara hodar PVP mai kama waɗancan sinadarai. Ban manta yammacin da na zuba sinadarin isofurofanol mai sanyi na ga farin zaren DNA ya taru a gindin kwalba ba. Mun yi aiki ne da alamomin ISSR, wata hanyar bambanta gadon bishiya da bishiya, don ba sa buƙatar a san jerin DNA ɗin tsiro tukuna, kuma kuɗinsu da dama-dama. Malam, ba ni da abin biyanka sai addu'a.

Ina godiya ga dagatai da suka ba mu izini, da tsohon maharbin da ya yi ta shiga gaba yana nuna mana kurmi, bai karɓi ko sisi ba. Haka matan da ke tsinkar ɗinya suna dafa maɗi. Su suka nuna min bishiyar da 'ya'yanta suka fi zaƙi da wadda ba a kula ta, ilimin da babu shi a takardun da na karanta. A wannan zagaye na biyu ne muka tarar bishiyoyi biyu da na sa wa lamba sun zama kututture, an ƙone su gawayi. Ɗaya daga cikin matan ta dafa kututturen ta ce tun tana yarinya take shan ta. Abin ya dame ni har yau, domin in ita kaɗai ce mai irin wannan gado a kurmin, to an tafi da shi ke nan.

Yaya, kai ka bar shagonka na Kasuwar Bacci ka tuƙa ni a hanyoyin da mota ba ta so. Inna, ke kika riƙe min yara ina kwana gaban na'urar PCR mai ninka DNA. Maigida, haƙurinka da cefanen da ka yi ta yi ba tare da ƙorafi ba, Allah ne kaɗai zai biya ka. Abokan karatuna da suka raba sinadarinsu na Taq, wanda PCR ke aiki da shi, da ni lokacin da nawa ya ƙare, na gode, na gode.

Sakamakon sai an buga shi zan kawo nan. Kafin nan na yi wa mutanen ƙauyukan alkawarin komawa in yi musu bayani da Hausa a ƙofar dagaci, in sha Allahu bayan an gama girbi. Akwai kuma ragowar silika kusan rabin gwangwani a wurina. Ɗalibin da zai fita tsinkar ganye ya yi min magana kafin in mayar wa Malam.