Biyun da ɗalibai ke mantawa a lissafin haidurojin

Duk wanda ya taɓa koyar da kemistiri a sakandare ya san tambayar nan: nawa ne nauyin mol ɗaya (ma'aunin da ake ƙirga yawan ƙwayoyin abu da shi a kemistiri) na iskar haidurojin? Da wuya ka duba takardun aji ba ka ga an rubuta giram 1 ba. Yaro ya ga H = 1 a takardar WAEC ko NECO, ya kwafa, ya wuce abinsa. Lambar daidai ce, amma ta ƙwayar zarra ɗaya ce. Ita kuwa iskar da ke cikin kwalba bibbiyu take tafiya, H₂, don haka amsar giram 2 ce, ko 2.016 ga mai son ƙididdigewa.

Abin da koyarwa ta nuna mini shi ne, maimaita "ku ninka da biyu" ba ya zama a kan yaro. Yau ya haddace, gobe ka ba shi iskar hiliyom, wadda ɗaiɗai take yawo, ita ma ya ninka ta. Sai na koma tambayarsu tun kafin su taɓa biro: mene ne ainihin abin da ke cikin kwalbar?

Ba na cika ganin laifinsu ba, don manyan masana kimiyya na da ma sun sha wuya a nan. Dalton ya ɗauka ruwa haidurojin ɗaya ne da oksijin ɗaya. Avogadro ya kawo maganar tafiya bibbiyu tun 1811, amma aka yi biris da shi, sai da Cannizzaro ya farfaɗo da ita a taron Karlsruhe na Jamus a 1860.

Inda abin ya fi shiga shi ne a ɗakin gwaji. Ka jefa ɗan guntun tutiya cikin asid, ƙwayoyin kumfa su lulluɓe shi suna tasowa, ka tara iskar a bututun da ka kifa, ka kai ashana bakinsa, ta yi fau! Daga nan sai allo. Tutiya giram 6.5 kashi ɗaya cikin goma ne na mol, iskar da za ta bayar ita ma haka, wato giram 0.2 kacal. Amma fa za ta cika wuri mai lita 2.24. Wata yarinya ta taɓa ce mini, "Malam, wannan ai ba nauyi ba ne." Na ce ta ɗauki nauyin lita ɗaya, giram 0.0899, ta ninka da 22.4, yawan litar da mol ɗaya na iska ke cikawa. Ta samu 2.01. Da hannunta ta gano biyun, kuma nan ne ajin ya fahimci daga inda 2 ɗin da ke cikin lissafin kaurin tururi, wato gwada nauyin wata iska da na haidurojin, ya fito: da H₂ ake gwada sauran iskoki.

Akwai kuma 0.008 ɗin da ke cikin 1.008, wato rabin 2.016, da wasu malamai kan jingina wa diteriyom, haidurojin mai nauyi da masanin kemistiri Urey ya gano a 1931. Kasonsa kaɗan ne ƙwarai. Haidurojin na gama-gari shi kaɗai ya kai 1.0078 a ma'aunin kabon-12, wanda da shi ake gwada nauyin ƙwayoyin zarra.

Ita kuma lita 22.4 sai a yi hattara da ita. A sifirin digiri ake nufi, mu kuwa a watan Afrilu ɗakin gwajinmu kan kai digiri 35, inda mol ɗaya ke cika kusan lita 25.3. Shi ya sa yanzu nake sa su karanta ma'aunin zafi su rubuta kafin a zuba asid.