Asabar a kan dutse, ni da Kawu

Yau tun wajen ƙarfe huɗu na farka barci ya ƙi dawowa, ina kwance ina jin zakarun maƙwabta har Kawu ya zo ya buga taga da sandarsa. Ran Lahadi bayan sujada ne ya tare ni a bakin coci yace "ɗana, Asabar za ka raka ni dutse", ban ce e ba ban ce a'a ba, shi dai ya ɗauka na yarda. Maman yara ta cika mana gora da ruwa ta ƙulle gyaɗa a leda, na jefa littafina a jaka muka fita.

Duk wanda ya san Zuru ya san mu da duwatsu. Kawu yana tafe yana ba ni labarin yadda kakanni suka zauna can sama saboda mahara kafin a sauko ƙasa, yace ga shi yanzu ma mutanen ƙauyukan wajen Danko da Wasagu suna ta baro gidajensu, abin ya dawo ta wata hanya. Shi ya sa ba mu yi nisa ba, na kusa da gari muka hau. Dawa ta nuna a gonaki, hazo ya ɗan fara, ciyawa duk ta bushe tana kama wando. Mutumin da ya haura saba'in yana gaba ni ina baya ina haki.

Wata takwas kenan da rasuwar autarmu. Zazzaɓi ne, kwana uku kacal, aka ce jininta ya yi ƙasa, kafin a samu wanda za a ƙara mata ta tafi. Tun lokacin ban fasa zuwa coci ba, ina riƙe littafin waƙoƙi bakina na motsi, ina ba da baiko, amma addu'a ta ƙi fita. In na durƙusa sai in ji kamar an cusa mani auduga a wuya. Mutane sun yi ta cewa sai haƙuri, tana wurin Ubangiji, kuma na gaskata haka ne, amma gaskatawar ba ta buɗe mani baki ba.

A tsakiyar hawa muka zauna a gindin wata ƙirya. Na ciro littafin, The Pilgrim's Progress na John Bunyan, na marigayi Baba ne bangon ma ya yage. Kawu ba ya jin Turanci sai nake karantawa ina mayar masa da Hausa. Na fara gaya masa waye mai littafin, mai gyaran tukwane ne a Ingila da aka kulle shekara 12 a kurkukun Bedford don ya ƙi daina wa'azi, ya bar yara a gida har da 'yarsa makauniya, littafin ya fito a 1678. Kawu yace to wannan ya san abin da yake faɗa, karanta.

Wurin da na tsaya jiya shi ne inda matafiyin ya iso wani tudu mai wuyar hawa. Da gudu ya fara, ya koma tafiya, ya koma rarrafe da hannu da gwiwa. A tsakiya akwai rumfar hutawa, ya zauna barci ya ɗauke shi, takardar shaidar da aka ba shi ta faɗi bai sani ba. Sai da ya kai sama tsoro ya kama shi ya laluba ƙirjinsa ya ji babu, dole ya sake gangarowa yana kuka yana dube-dube.

Kawu yace "ya same ta?" Nace ya samu, a ƙarƙashin mazaunin da ya yi barci, amma kafin ya sake hawa rana ta faɗi masa. Ya yi shiru yana ɓare gyaɗa, can yace "kai fa ɗana, a ina taka ta faɗi?"

Ban yi tunani ba ma, na sani. Barandar asibiti, daren Laraba, inda na roƙa har muryata ta dishe. Kuka ya zo mani irin wanda ban yi ba ko ran jana'iza, don ranar ni ke tarbar baƙi. Kawu bai yi mani wa'azi ba. Ya dafa kafaɗata kawai yace shi uku ya binne, na biyun ya yi shekara bai iya cewa komai ga Allah ba sai Zabura 121 da ya haddace. Ya karanto ta da ka a hankali muna kallon rufin kwanon gari a ƙasa. Da ya gama na buɗe baki, abin da ya fito "Uba, ga ni" ne kawai, sai amin.

Ba mu ƙarasa sama ba, rana ta yi zafi kuma gwiwarsa ta fara ciwo. Saukowa ta fi hawa wuya, sau biyu tsakuwa ta kwashe ni.

Da dare muna cin tuwon dawa da miyar kuka na ce wa Maman yara gobe in an tashi sujada ina so mu je kabarin tare, ban taka wurin ba tun ranar. Ta ajiye lomar da ke hannunta ta dube ni. Tace ita ai duk Alhamis tana zuwa in ta fito daga zumuntar mata, ba ta gaya mani ba ne don ta ga ban shirya ba. Tace in ɗauko fartanya, ciyawa ta rufe gefe ɗaya.