Ƙamshin farin inabi, kwalba biyu daga Faransa

Ƙanena da ke karatu a Faransa ya zo Maradi hutu da kwalba biyu na ruwan farin inabi marar barasa daga yankin Alzas, irin inabin da ake yin farar giya mai ƙamshi da shi a can. Na farko Muscat ne, mai ƙamshin ɗanyen inabi da furen lemo, kuma da ƙanƙara ya shiga rai sosai. Na biyu, Gewürztraminer, ya fi nauyi a harshe. Ina kai kofin hanci ya tuna mini da turaren wardi da Hajiya ke shafawa ranar Juma'a. Zaƙinsa ya yi mini yawa har na sirka shi da ruwa, ƙanen nawa yana kallona ya riƙe baki.