Mako na tara: yau takarda ta motsa

'Yan'uwa abokan fama, barkanmu da war haka. Mako tara ke nan da na fara gyaran furucina na Turanci, minti ashirin kullum bayan sallar asuba, kafin yara su tashi su fara ƙyalƙyala mini dariya.

Albishirinku, takarda ta motsa. Kun san ciwonmu, p da f. Mu Hausawa da leɓe biyu muke furta f ɗinmu, shi ya sa bakinmu bai ga bambancin "pan" da "fan" ba. Shi kuwa Bature in zai furta f, haƙoran sama yake ɗorawa a kan leɓen ƙasa, iska ta sulale. In p ce a farkon kalma, sai ya rufe baki ruf, ya buɗe da fashewar iska. Na riƙe fallen takarda daf da bakina ina ta "pan, pan, pan". Sai da na kwana goma sha ɗaya tana tsaye ƙyam. Yau da safe ta kaɗa, har sau biyar a jere.

Th kam har yanzu muna kokawa. A gaban madubi harshe na leƙowa tsakanin haƙora lafiya lau, amma da na shiga hira sai "think" ta koma "sink". Na bar ta zuwa gaba.

Abin da ya fi ɗauke mini hankali a makon nan shi ne kalmar "water". Na saurare ta a bakin mai karanta labarai na BBC: t tana nan sarai, r ta ƙarshe kuwa babu ita, domin a wannan karin harshen ba a furta r sai in wasali na biye da ita. Ba'amurke ya juya lamarin. Ya riƙe r ɗinsa gam, t kuma harshe ya ɗan taɓa hanƙa sau ɗaya ya wuce, kusan irin r ɗin da muke yi a cikin "tara". Sai ga wani ɗan Landan ya haɗiye t gaba ɗaya, ya sa ɗaurin maƙogwaro a gurbinta, irin wanda ke tsakiyar "sa'a". Ashe duka biyun muna da su a bakinmu tun muna goye! Kuma kada a ce duk Birtaniya ta yar da r, mutanen Sikotilan suna furta tasu.

Da farko kwaɗayi ya sa ina haɗa duka, rabin jimla Ingila, rabi Amurka. Da na saurari muryata a waya, kunya ta kama ni. Yanzu na tsaya a kan na Ingila, tunda shi ya fi kusa da abin da aka koya mana a makaranta. Wanda ya fi son na Amurka ya nemi darussan Muryar Amurka, a 1959 suka fara karanta labarai da Turanci a hankali saboda masu koyo.

Mako mai zuwa wasula zan tunkara. Mu biyar gare mu, gajere da dogo, sai ai da au. Su kuwa kusan ashirin. Zan fara da "ship" da "sheep", sannan in daina cusa wasali a tsakiyar "school", don har yanzu "sukul" ke fitowa in na yi sauri.